Bindiga a hannun kowa: me tsarin mulki ya ce?

Tun da hare-hare suka yawaita a Alibori da Atakora, wasu a Zongon Kwatano ke cewa a bar kowa ya riƙe bindiga, wai ai haka ake yi a Amurka. To, mu duba asalin maganar. Gyara na biyu na tsarin mulkin Amurka, na 1791, ya ɗaure haƙƙin riƙe makami da rundunar sa-kai mai tsari, a zamanin bindigar ɗure ɗaya harbi ɗaya. Sai a 2008 Kotun Ƙoli, alƙalai biyar kan huɗu, ta ce haƙƙin kowane mutum ne.

A maƙwabta kuwa, a Yunin 2022 gwamnan Zamfara Bello Matawalle ya ce jama'a su nemi lasisin bindiga. Babban hafsan tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Satar mutane dai ba ta tsaya ba.

Tsarin mulkinmu na 11 ga Disamba 1990 bai yi wa kowa alkawarin bindiga ba, amma sashe na 15 ya ba kowa haƙƙin rai da tsaro. Ni dai a ganina, wannan bashin ya kamata mu riƙa bin gwamnati, saboda 'yan'uwanmu na Kandi da Malanville.