Farantin Sola a Kan Rufi: Ɗan Karkata Kaɗan Ya Isa

'Yan'uwa manoma, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, ƙungiyoyi da yawa a ƙasar Kebbe da Tambuwal sun koma ga sola. Wasu domin fitila a ɗakin taro da ɗakin ajiya, wasu domin firijin magani, wasu kuwa domin famfon ban ruwa a fadama. Kuɗin gudummawar jama'a ne, an tara shi da gumi. Domin wannan ya kamata mu yi magana a kan wani abu da ke jawo gardama ran kafa faranti, watau yawan karkatar da za a yi masa.

Rufin kwanonmu ba shi da gangara sosai. Sau da yawa mai haɗa sola yakan dube shi ya ce bai isa ba, sai an kira mai walda ya yi doguwar ƙafar ƙarfe, a ta da farantin sama kamar yadda ake gani a hotuna. A ganina wannan ɓarnar kuɗi ce, kuma akwai hatsari a ciki. Ga dalili.

Hotunan nan yawancinsu daga Turai suke. Ingila da Jamus suna can arewa nesa, rana ba ta hawa bisa kansu ko sau ɗaya a shekara, shi ya sa suke karkata nasu da digiri 30 zuwa 40. Mu kuwa Kebbe tana wajen digiri 12 ne kawai arewa da tsakiyar duniya. Wajen 21 ga Afrilu, da kuma wajen 21 ga Agusta, rana takan tsaya daidai bisa kanmu da tsakar rana, har inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Tsakanin kwanakin nan biyu rana tana ɗan gefen arewa. Sauran watanni takwas tana gefen kudu, a watan Disamba kuwa takan sauka kudu da wajen digiri 35.

To, faranti yana ba da wuta mafi yawa sa'ad da ya fuskanci rana sosai. Wanda ya dubi kudu da karkata digiri 12 yana kama wajen kashi 92 cikin 100 na hasken tsakar rana a Disamba, haka kuma a Yuni. Wanda aka shimfiɗa kwance, wajen kashi 81 yake kamawa a Disamba. Wanda aka ta da shi digiri 35 irin na Turawa, ya yi kyau a Disamba, amma a Yuni bai kai kashi 70 ba, lokacin da gizagizai ma sun riga sun rage haske. Ashe doguwar ƙafa ba ta ƙara kome, sai ragi.

Digiri 12 ba ya bukatar wani ma'auni na musamman. In kun auna ƙafa 5 a kwance, rufin ya tashi ƙafa 1, kun kusa samunsa. In ya tashi ƙafa 1 cikin 4, wajen digiri 14 ke nan, shi ma ya yi. Rufin da ke da irin wannan gangara, gefensa ɗaya kuma yana duban kudu, sai a bi shi yadda yake. Mutum ya fuskanci gabas, kudu tana hannunsa na dama. Rufin da ya dubi gabas ko yamma, in gangararsa kaɗan ce, abin da za a rasa a shekara bai kai kuɗin ƙarfe da walda ba. Gefen arewa ne kaɗai za a guje wa.

Hatsarin kuwa shi ne iska. Kowa ya san hadarin farkon damina, yadda yakan taso daga gabas da guguwa ya kwashe kwanon makaranta. Faranti da aka ta da sama yana tare iska kamar faifai. In ta shiga ƙarƙashinsa takan tafi da shi, har da kwanon da aka kafa shi a kai. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Lalle a ɗaure ƙarafan da noti a jikin katakon rufi, ba a jikin kwano kaɗai ba, a toshe ramukan kuma da kyau domin yoyo.

Amma kada a ce tun da haka ne sai a kwantar da shi sarai. In karkatar ba ta kai digiri 10 ba, ruwan sama ba ya gangarewa ya wanke gilashi, sai ya kwanta a gefe ya bar laka. Kada kuma a manna shi a jikin kwano. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne a zafin digiri 25, kowane digiri ɗaya da ya ƙaru kuwa yana rage kusan rabin kashi ɗaya cikin 100. A bazara, sa'ad da zafin iska ya wuce 40, faranti a kan kwano yakan wuce 60. A bar masa tazarar tafin hannu ko fiye, iska ta riƙa ratsawa.

Wani zai ce, ai mu domin noman rani muka saya, daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin da rana ke kudu. Gaskiya ne, mai famfo zai amfana in ya ƙara karkatar zuwa wajen digiri 20. Amma wurin wannan a ƙasa ne, kusa da rijiya, cikin shinge, inda hannu ke kaiwa. Haka ma mai ɗakin soro. Gara ya kafa a ƙasa da ya huda rufin laka.

Abin da ya fi cin wutarmu a wannan ƙasa shi ne ƙurar hunturu. Makonni kaɗan ba wanki, hasarar ta fi duk abin da ake gardama a kansa na digiri biyu ko uku. A wanke da sassafe ko da yamma, da ruwa mai tsabta da tsumma mai laushi, kada a zuba ruwa a gilashi mai zafi. A sare reshen dogon yaro da ke jefa masa inuwa, gama inuwa a kusurwa ɗaya tana iya rage aikin faranti duka.

Saboda haka, shugabanni da ma'aji, kafin ku biya kuɗin walda ku ɗauki igiya da sanda ku auna rufinku. In ya dubi kudu, ya tashi 1 cikin 5, kuɗin nan ku sayi tsani mai ƙwari da waya mai kauri da su, ku kuma naɗa mutum ɗaya wanda zai riƙa wanke farantin kowane mako har hunturu ya wuce.