Mu dubi kamazuru kafin mu dubi ado

Ƴan'uwa manoma da masu dawaki, idan mutum ya je kasuwa sayen kayan doki, idonsa ya fi zuwa kan sirdi da jalala. Kamazuru, wato igiyar linzami da mahayi ke riƙewa, shi ake saye daga ƙarshe da ɗan kuɗin da ya rage. A ganina wannan kuskure ne. Da kamazuru mahayi ke magana da dokinsa. In bai dace ba, doki ba ya gane abin da ake nufi, zafi kawai yake ji.

A ƙasashen Turai akwai wani wasa da ake kira diresaj, wato gwanintar horon doki. Babu tsere a cikinsa, babu tsallake shinge. Mahayi yana shiga fili mai tsawon metir 60 da faɗin metir 20. Doki ya yi tafiya, ya yi sassarfa, ya juya, ya tsaya, ya ja da baya, alƙalai suna ba da maki. Gwani shi ne wanda ba a ganin motsin hannunsa. Wasan yana cikin wasannin Olimpik tun 1912. Yana da tsoffin makarantu a Biyen ta ƙasar Otirish da Somur ta ƙasar Faransa.

Mutanen nan ba su wasa da zaɓen kamazuru. Suna fara duba faɗinsa. Yawanci bai kai santimetir 2 ba, don ya zauna tsakanin yatsu, hannu ya rufe a kansa ba da wahala ba. Mai ƙaramin hannu yakan ɗauki siriri. Sannan su dubi tsawo. Ga babban doki, kowane gefe ya kusa metir ɗaya da rabi. Gwajin mai sauƙi ne: a sassauta wa doki ya miƙa wuyansa ƙasa yana tafiya. In mahayi sai ya sunkuya gaba kafin doki ya miƙe wuya, igiyar ta yi gajarta. In kuma ragowarta na lilo har kusa da likkafa, ta yi tsawo, tana iya harɗe ƙafa. Fata mai santsi tana zamewa in hannu ya yi gumi. Shi ya sa wasu ke sayen wadda aka kitsa, ko wadda aka lulluɓe da roba.

Manyan gwanayensu sukan sa ƙarfe biyu a bakin doki, ɗaya mai sauƙi, ɗaya mai tsanani, kowane da igiyarsa. Igiyar mai tsananin ta fi siranta, don yatsu su gane ta ba sai an duba ba, kuma kaɗan ake taɓa ta. Ɗan doki ba ya farawa da wannan. Sai ya yi shekaru da linzami mai sauƙi tukuna. Ga wata doka tasu da ta burge ni: in alƙali ya ga jini a bakin doki, an fitar da mahayin daga gasa ke nan, kome gwanintarsa.

To, mu fa? Mu ma masu dawaki ne tun kaka da kakanni. Wanda ya ga hawan salla a Damagaram ko Maraɗi ya san haka. Amma linzaminmu na gargajiya yana da ƙarfe mai tokare ganɗa, da zobe mai matse haɓa. A bakin doki, tsakanin haƙoran gaba da turame, akwai wurin da babu haƙori. Nan linzami ke zama. Dasashi ne marar kauri a bisa ƙashi. In aka haɗa wannan linzami da kamazuru mai kauri da nauyi, kowane taki sai igiyar ta yi lilo ta fizgi bakin. Mahayi kuma ba ya iya riƙe ta da yatsu, sai da dunƙulen hannu. Bakin ya yi miki, doki ya rage cin harawa, ya rame, ya riƙa kaɗa kai. Sai a ce yana da taurin baki, a je wurin maƙeri a sayo linzamin da ya fi na da tsanani.

Wani zai ce dawakin Turawa cikin shinge suke wasa, namu kuwa cikin taro, ga kiɗa ga harbin bindiga, dole a tsayar da su nan take. Akwai gaskiya a nan. Amma salla sau biyu ce a shekara. Sauran kwanakin, zuwa gona ne da kasuwa da kilisa. Me zai hana a ajiye kayan ado don ranarsu, a nemi linzami mai sauƙi da kamazurun fata siriri don aikin kullum? Dokin da ya saba da hannu mai taushi ya fi saurin tsayawa ko cikin taron.

In ka je wurin baduku, ka riƙe igiyar a hannunka kafin ka yi ciniki. Ka lanƙwasa ta: in ta nuna tsaga, bar ta. Ka dubi ɗinkin da ke kusa da ƙarfe, don nan take tsinkewa, galibi cikin sukuwa. Igiyar leda tana da araha, amma tana ƙona tafin hannu, kuma in doki ya taka ta ba ta tsinkewa, bakinsa ne zai yage. Lokacin hunturu fata na bushewa, a riƙa shafa mata ɗan mai. Kada a ɗaure doki a turke ko a icce da kamazuru, wannan aikin ragama ne.

Idan ka cire linzami, ka buɗe bakin ka duba. In ka ga miki, ka wanke da ruwa mai ɗan gishiri, ka ba shi jiƙaƙƙiyar dusa, ka hau shi da ragama kawai har ya warke. In wurin ya kumbura, ko yana wari, ko doki ya ƙi ci, a kira likitan dabbobi.