Ba kowane ciwon baya ne jifa ba

A wannan makon da mu kanmu zan yi faɗa.

Akwai wani babi da na gaji da karantawa a labaranmu. Saurayi lafiyayye zai wayi gari bayansa ya riƙe, a kai shi asibiti, likita ya cire tabarau ya ce an auna ba a ga komai ba, a koma gida a nemi na Hausa. Kafin littafi ya ƙare sai a tono laya a ƙofar ɗaki, kishiyar uwa ta haukace tana tona wa kanta asiri. Ni ma na taɓa rubuta irinsa, kuma yau ina jin kunyar hakan.

Wani abokina da muka yi difloma tare ne ya sa na daina. Yana ɗan shekara 19 ƙugunsa ya fara ciwo. Cikin dare zafi zai tashe shi, da asuba kuma sai ya yi kusan awa guda kafin bayansa ya saki. Abin da ya rikita mutanen gidansu shi ne da la'asar za ka gan shi a filin ƙwallo yana gudu. Mahaifinsa ya ce lalaci ne, mara lafiya ba ya buga ƙwallo. 'Yan unguwa suka ce ƙwaya yake sha. Dangin uwa kuma suka nuna matar babansa da yatsa. Shekara shida aka yi ana ba shi jiƙe-jiƙen maganin sanyi da haɗin kemis, kafin wani likitan gaɓoɓi ya kira ciwon da sunansa.

Likitoci na taƙaita sunan da AS, ni kuwa zan kira shi ciwon sandarewar ƙashin baya. Garkuwar jikin mutum ce ke haddasa kumburi a gaɓoɓin da suka haɗa ƙashin baya da ƙugu, daga nan ya riƙa haurawa sama. Idan aka daɗe ba a tare shi ba, jiki kan tsiro da sabon ƙashi a inda kumburin ya ci, har gaɓoɓin bayan wasu su manne da juna, mutum ya ranƙwafa, ya kasa waiwaye sai ya juya gaba ɗaya. Yawanci yana farawa ne kafin shekara 45, an fi ganinsa tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara talatin, kuma mata ma suna kamuwa.

Ku lura da abin da ya jawo wa abokina sunan rago, domin shi ne babbar alamar ciwon. Ciwon bayan ɗan dako hutu ne maganinsa. Wannan kuwa hutu ke tayar da shi, motsi ke kwantar da shi. Yana shigowa a hankali, ya wuce wata uku, ya tashi mutum a ƙarshen dare, ya sandarar da shi sama da minti 30 da safe. Wani zai ji zafin a ɗuwawun dama yau, gobe na hagu. Wani diddigensa ne zai kumbura. Wani kuma ido ɗaya zai yi ja yana zafi, ba ya son haske, kuma wannan ba abin jira ba ne, ranar ya kamata likitan ido ya gan shi.

To, ina maganar "ba a ga komai ba" da muke gina rabin littafi a kanta? Gaskiya ce, tana faruwa. Hoton ƙashi na yau da kullum kan yi shekaru bai nuna ɓarnar ba, alhali hoton MRI na iya kama kumburin tun da wuri. Inda likita ya kamata ya ce a canza na'ura, mu sai mu sa shi ya ce a koma ga boka, kuma 'yar shekara 16 da ke karanta mu a waya ta haddace wannan a matsayin yadda duniya take.

Na san abin da za a ce mini. Wai ina musun sihiri. Ban musa ba, ban kuma hana kowa addu'a ba, abokina da kansa bai taɓa barin ta ba. Abin da nake tuhuma shi ne ɗora wa baiwar Allah laifi ba hujja, da mayar da asibiti wurin da ake zuwa don a tabbatar ba shi da amfani.

Wasu masu ɗan karatu kuma za su ce ai ciwon Turawa ne. Akwai ƙanshin gaskiya a ciki. Tun 1973 aka gano alaƙarsa da wani ƙwayar gado mai suna HLA-B27, wanda ya fi yawa a mutanen arewacin Turai, ya yi ƙaranci a Afirka ta Yamma. Amma ƙaranci daban, babu daban. Ana samun masu ciwon da ba su da ƙwayar, kamar yadda mafi yawan masu ɗauke da ita har su mutu ba sa kamuwa. A wajenmu ma dole likita ya fara kawar da zaton tarin fuka na ƙashin baya da ciwon sikila, wanda wani dalili ne na zuwa asibiti da wuri maimakon zaman gida.

Ciwon ba ya warkewa kwata-kwata, amma ana rayuwa da shi, a yi aiki, a yi aure. Ginshiƙin kulawa shi ne motsa jiki kullum: miƙe baya, atisayen numfashi don kada ƙirji ya ƙage, tafiya, iyo ga mai hali. Ana fara magani da masu rage kumburi irin su naproxen ko diclofenac, amma da sanin likita, domin yawan shansu na iya jawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda. Idan ba su isa ba, akwai allurai irin su adalimumab da ke toshe sinadarin kumburin. Suna da tsada sosai, kuma sai an auna mutum tarin fuka da ciwon hanta kafin a fara. Sigari na ƙara ɓarnar. Sannan bayan da ya manne saurin karyewa gare shi, don haka mai ɗori ko mai tausar da zai taka bayan irin wannan mutum yana iya kwantar da shi har abada. Dala da Asibitin Malam Aminu Kano ba a wata ƙasa suke ba.

Masu cewa labari ba littafin likitanci ba ne, na yarda. Amma ku faɗa mini wanne ya fi ratsa zuciya: layar da kowa ya san za a tono tun shafi na goma, ko saurayi ɗan shekara 25 da ke zuwa masallaci da kujerar roba saboda ruku'u ya gagare shi, dattawa na yi masa kallon mai ƙarya? Ko ranar da zai zauna ya faɗa wa budurwarsa cewa wannan abin tare za su tsufa da shi? Duk wannan na gani da idona, kuma ban taɓa cin karo da shi a rubutunmu ba.

Abokina yanzu yana tashi kafin kiran assalatu ya yi atisayensa a tsakar gida, sannan ya tafi shagonsa. Wuyansa bai dawo daidai ba. Matar babansa kuwa, wadda ta yi shekara shida ba a cin abincin hannunta, har yau ba wanda ya je ya ba ta haƙuri.