Hutun iyali a jirgin ruwa: A haɗa jakar magani kafin ta sutura



Kwanakin baya wata baiwar Allah da ta saba sayen magani a wurinmu ta shigo da fara'arta, ta ce, "Famasis, ki ba ni maganin jiri da amai na mutum tara, teku za mu shiga." Ashe yayansu ne ya biya wa iyali kuɗin hutun mako guda a jirgin ruwan shaƙatawa da zai tashi daga Dubai, don murnar cikar mahaifiyarsu shekara 70. Na ce, "Anti, zauna tukuna, su wane ne mutum taran?" Sai ta fara lissafi: Hajiya mai ciwon suga da hawan jinin ido, matar ƙaninta mai ciki wata biyar, yara huɗu har da mai sikila, sai su manya uku. Nan na gane cewa in na ɗauko magani iri ɗaya na miƙa mata, zan iya cutar da mutum uku a cikinsu.

Irin waɗannan jirage gari ne guda a kan ruwa. Icon of the Seas, wanda ya fara aiki daga Miami ta Amurka a Janairun 2024, yana iya ɗaukar fasinja 7,600. Daga nan gida, sai an fara hawa jirgin sama zuwa inda suke tashi, kamar Dubai, Basalona ta Sifen, Durban ta Afirka ta Kudu, ko Jidda inda jirgin Aroya na Saudiyya ya soma jigila a ƙarshen 2024. Abin da ke jan iyalai shi ne kaka da jika suna wuri guda, ba girki, ba wanke-wanke, kuma kusan kullum a wayi gari a sabuwar tasha. Amma fa a tsakiyar teku babu kemis ɗin bakin layi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Farko dai, ba kowa ake ɗauka ba. Yawancin kamfanonin ba sa karɓar mace da cikinta zai shiga mako na 24 kafin a gama tafiyar, haka jaririn da bai kai wata shida ba. In tafiyar ta tsallaka babban teku ce, sai ya cika shekara guda. Da muka ƙirga, matar ƙanin nan za ta wuce mako 24 ranar tashi. Da a bakin jirgi za a mayar da ita, kuma ba lallai ne a dawo da kuɗin ba. Haka nan a duba katin rigakafin zazzaɓin shawara, domin Saudiyya, Masar da Afirka ta Kudu suna nemansa daga matafiyan Najeriya. Allurar sau ɗaya ake yi a rayuwa, kuma katin yana fara aiki ne kwana 10 bayan an yi. Wanda ya haura shekara 60 bai taɓa yi ba, ya fara ganin likita.

Sai batun jirin teku. Yana faruwa ne idan cikin kunne ya ji ana tangaɗi alhali ido na ganin ɗaki a tsaye, sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Tun wajen biyan kuɗi, a zaɓa wa mai saurin jiri ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa, don nan ne tangaɗin ya fi sauƙi. In abin ya taso, a fita shan iska a tsayar da ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama, a ajiye waya, a ci abu mara maiƙo. Shayin citta ma na taimaka wa wasu.

Magungunan sun fi aiki in an sha kafin jirin ya fara. Cinnarizine, wanda aka fi sani da Stugeron, babba yana shan miligiram 30 awa biyu kafin tashi, sannan 15 duk bayan awa takwas. Yaro ɗan shekara 5 zuwa 12 rabin haka, na ƙasa da biyar ba a ba shi, kuma mai cutar makyarkyata ta Fakinson ya guje shi. Promethazine na sa barci sosai, kuma ba a ba wa yaron da bai kai shekara biyu ba. Akwai filastar hyoscine da ake mannawa a bayan kunne, tana aiki har awa 72. Ita ce matafiya suka fi yabo, ita ce kuma na hana a sa wa Hajiya, domin tana iya tayar da hawan jinin ido, ta riƙe fitsarin dattijo mai kumburin furostet, ta kuma sa tsofaffi ruɗewa. Duk waɗannan magunguna na iya kawo magagi, tsoho mai magagi a kan bene mai motsi kuwa faɗuwa ce ke jiransa.

Magungunan yau da kullum su ne zuciyar jakar. A ɗauki na kwanakin tafiya, a ƙara na mako guda ko da za a samu jinkiri. A bar su cikin kwalayensu na asali, a sa a jakar hannu, domin manyan akwatuna kan ɗauki awoyi kafin su iso ɗaki ranar shiga jirgi. A rubuta sunan kowane magani da yadda ake shansa, mutum biyu su riƙe takardar. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, kuma ɗan firjin ɗaki ba kullum yake kai haka ba, don haka a nemi ma'aikata su tanadi wurin ajiya. Dubai na gaban Najeriya da awa uku, mai allurar insulin ya tsara lokutansa da likitansa tun a gida. Sannan a yi hattara da tramadol, codeine da magungunan barci. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Masar suna da tsauraran dokoki a kansu, shiga da su ba takardar likita da izini na iya kai mutum ga kamu.

Inda dubban mutane ke cin abinci a zaure ɗaya, cuta na saurin yawo. Mun tuna jirgin Diamond Princess da aka killace a Yokohama ta Japan a Fabrairun 2020, inda mutum sama da 700 cikin kimanin 3,700 suka kamu da korona. Wadda ta fi addabar jiragen ita ce norobairos, mai sa amai da gudawa awa 12 zuwa 48 bayan kamuwa. Man shafawa a hannu ba ya kashe ta sosai, sai wanki da sabulu na daƙiƙa 20, kafin cin abinci da bayan fita banɗaki. Matashi kan warke cikin kwana ɗaya zuwa uku, amma jariri, tsoho da mai sikila ruwan jikinsu na saurin ƙarewa. A tafi da ƙunshin gishiri da suga na ORS da zinc na yara. Mai shan metformin, lisinopril ko maganin sa fitsari, in amai da gudawa suka kama shi, ya ga likitan jirgi a ranar, domin akan dakatar da su na ɗan lokaci don kare ƙoda. Kada a ɓoye ciwon don gudun a ce a zauna a ɗaki, domin kakar wani ce za ta ɗauka.

Akwai kuma cutar da mu ne za mu je da ita: maleriya. Sauro na iya cizon yaro a gida, zazzaɓin ya fito bayan mako guda a teku, likitan jirgi kuma ba lallai ne tunaninsa ya je can ba. Ku gaya masa daga Najeriya kuke, ku nemi gwaji, ku kuma tafi da maganin artemether-lumefantrine daidai da nauyin kowa. Mai sikila ya yawaita shan ruwa, ya sa rigar sanyi saboda na'urar sanyaya ɗaki, kada ya daɗe a ruwan ninƙaya.

Asibitin jirgi ƙarami ne, ganin likita da kuɗi ne mai tsada, kuma inshorar lafiyarmu ta gida ba ta aiki a can. A sayi inshorar tafiya da ta ƙunshi ɗauke mara lafiya zuwa asibitin tudu, a kuma faɗi duk ciwon da mutum yake da shi, don ɓoyewa kan sa su ƙi biya.

Ita dai baiwar Allah ta tafi da leda huɗu, kowace da sunan mai ita, matar ƙaninta kuma aka ɗaga nata hutun sai bayan ta sauka lafiya. In kuna shirin irin wannan tafiya, ku ga likita ko famasis mako huɗu zuwa shida kafin tashi, ku tafi da dukkan magungunan gidan a nuna musu. Can kuma a bar Hajiya da ƙaramin jika su tsara saurin tafiyar, saura su bi a hankali.

Allah Ya kai lafiya, Ya dawo da kowa lafiya. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.