Rimot Bai Rage wa Jirgin Tururi Daraja Ba

A Ingila akwai masu shimfiɗa ɗan siririn layin dogo a lambun bayan gida, faɗinsa milimita 32 ko 45, su ɗora masa kan jirgi da sau da yawa bai kai kamu ɗaya ba, amma da tururi na gaske yake tafiya. Ana zuba ruwa a tukunyarsa, a kunna gas, a jira allurar awo ta hau, sai ka ji ya fara huci. Kamfanin Roundhouse da ke Doncaster ya yi suna wajen ƙera irinsu. Gardamar masu wannan sha'awa ita ce ta rimot: wasu na ganin in ba da yatsanka ka buɗe tururin ba, to ba tuƙi kake yi ba. Ni kam ina bayan masu rimot. Ƙasar lambu tana da tudu da kwari. Jirgin da aka saki haka nan yakan ƙwace a gangara ya kife a kwana, ko ya cije a hawa, mai shi na binsa a sunkuye yana ƙona yatsu. Da rimot kuwa, 'yan injuna biyu ne a ɗakin direba, ɗaya na buɗe tururi, ɗaya na sauya gaba da baya, kai kana ƙarawa a hawa kana sassautawa a kwana, wato ainihin aikin direba. Dattijo mai ciwon gwiwa ma ya samu sauƙi. Tun da aka koma zangon gigahaz 2.4, an huta da rimot ɗin wani ya fizgi jirgin wani. Ruwa da mai da wuta kuma har yanzu da hannu ake kula da su.