Dare Ɗaya Ya Rufe Aikin Wata Biyar

Ran 11 ga Yuli, 1938, gidan rediyon CBS na ƙasar Amurka ya soma wani shiri mai suna Mercury Theatre on the Air. Shugabansa Orson Welles ne, saurayi ɗan shekara 23. Kowane mako shi da jama'arsa su kan ɗauki wani shahararren littafi su mai da shi wasan kwaikwayo na sa'a guda, ba abin kallo, sai murya da kiɗa. Da Dracula suka buɗe, sa'an nan Treasure Island, da Julius Caesar, da Jane Eyre, har wasa 22. Ta haka wanda bai taɓa buɗe littattafan nan ba ya san abin da ke cikinsu yana zaune a ɗakinsa.

Amma yau in an ambaci shirin, ba abin da a ke tunawa sai daren 30 ga Oktoba. A daren nan suka yi wasan The War of the Worlds, na H. G. Wells, suka tsara shi tamkar labarun gaggawa, wai waɗansu halittu daga duniyar Mars sun sauka a Grover's Mill, cikin Jihar New Jersey. An faɗa tun farko cewa wasa ne, amma waɗanda suka kama tashar a tsakiya ba su ji ba, waɗansunsu kuwa suka firgita. Kashegari jaridu suka baza cewa ƙasa duka ta ruɗe. Masana tarihi daga baya sun tarar an ƙara gishiri ƙwarai, gama masu sauraron shirin ba su da yawa. Surutun nan ya jawo kamfanin Campbell, mai sayar da miyar gwangwani, ya ɗauki nauyin shirin, cikin Disamba aka sake masa suna.

A ganinmu laifin biyu ne. Mai wasa ya ari muryar mai karanta labarai, alhali kuwa amana ce, ba abin aro ba. Jaridu kuma suka buga ji-ta-ji-ta ba bincike, har suka binne aikin ilmi na wata biyar. Mu ma jarida ce, ba za mu wanke 'yan'uwanmu ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. To, a rediyo ba gani, sai hankali. Saboda haka ya wajaba malaman makaranta su koya wa yara tambaya uku: wa ya faɗa, a ina ya ji, wa kuma ya tabbatar? Yaron da ya saba da su ba ya firgita a banza.