A Kira Mai Sulhu Tun Kafin a Buɗe Shago

Mu Hausawa mun iya sulhu, amma sai bayan an ɓata. Abokai biyu su yi rigima a kan shago, nan da nan dattawan layi da limamin unguwa, wani lokaci har da Hisba, sun taru ana ba da haƙuri. A ganina, zaman nan da ake yi a ƙarshe, a farko ya kamata a yi shi. Kafin a kama shago, kafin a saro kaya, a samu mutum na uku ya zaunar da abokan, ya yi musu tambayoyin da ba za su iya yi wa juna ba.

Sana'ata riƙe wa 'yan kasuwa lissafi a Kano, kuma abin da na fi gani yana kashe haɗin gwiwa kunya ce, ba sata ba. An taɓa kira na in raba lissafin wasu aminai tun na firamare. Ɗaya ma'aikacin gwamnati ne, shi ya kawo kuɗi. Ɗayan shi ke zama a shagon kayan masarufi daga safe har magariba. Littafin da suka miƙo mini irin na 'yan makaranta ne, bango ya cire, manja ya taɓa gefen shafuka. Kusan kowane shafi akwai "na ɗauka, cefane", wani wuri ma babu adadi. Mai zama yana ganin haƙƙin guminsa ne. Mai kuɗi yana ganin ha'inci ne. Da darajar naira ta zube bayan watan Yuni na 2023, kaya suka ƙi sayuwa, sai babbar magana ta fito: mai kuɗi ya ce bashi ya bayar, a mayar masa da kuɗinsa cif, mai zama ya ce jari ne, asara ta shafi kowa. Duk cikinsu babu maƙaryaci. Tun farko ne ba wanda ya iya buɗe baki ya tambaya.

Mun san maganin irin wannan a wajen aure. Ango ba ya zama ya yanke sadaki da surukinsa; waliyyai ake turawa, su faɗi abin da nauyin baki zai hana shi faɗa. Me zai hana a yi wa dukiya haka? Mai shiga tsakani shi zai ɗauke musu kunyar. Shi zai ce: "Malam, kuɗin nan rance ne ko jari? Kai kuma mai zama, albashi za ka ɗauka ko riba kaɗai za ka jira? Rasit ɗin hayar shago da sunan wa? Asusun banki da na'urar POS fa? Idan ƙanin ɗayanku ya zo karɓar kaya bashi, wa zai ɗauki nauyi? Idan ɗaya ya gaji yana son fita, da wane farashi za a ƙiyasta kaya? Idan ta Allah ta kasance, magada za su shigo ko a sallame su?" Aboki ya yi wa aboki tambayar ƙarshen nan, sai a ce fata yake masa. Daga bakin dattijo kuwa, nasiha ce.

Wani zai ce ai wannan rashin yarda ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma ga sahabbai ta sauka, waɗanda sun fi mu amana. Malaman fiƙihu sun daɗe da warware abin da muke rigima a kai. A babin ƙiradi, inda ɗaya ya kawo kuɗi ɗaya ya juya su, riba kaso ake yanke ta, rabi ko sulusi, ba "ka riƙa ba ni dubu hamsin duk wata" ba. Asara tana kan mai kuɗi, mai juyawa kuma ya yi asarar wahalarsa, sai fa in sakaci ya yi. A mazhabarmu ta Malikiyya, mai juyawa ba ya ci daga jari yana zaune a gari, sai in fatauci ya fita. Da aminan nan sun ji wannan tun ranar farko, da sun san matsayin cefane.

Ba kowa ne ya dace da aikin ba. Kada a ɗauko mahaifi ko yayan ɗayansu, domin ɗayan zai yi shiru don girmamawa, shirun nan kuma shi muke gudu. A nemi wanda ya san sana'ar: mai hatsi ya nemi tsohon ɗan Dawanau, mai atamfa ya nemi na Kantin Kwari. Ya fara ganin kowa shi kaɗai, domin abin da mutum zai faɗa a keɓe ba zai faɗa a gaban amininsa ba. Daga nan a haɗu, a rubuta da Hausa yadda kowa zai gane, a sa hannu gaban shaidu, kowa ya riƙe kwafinsa. In kuɗin da yawa, lauya ya duba, a yi rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC da sunan su biyun. A rubuta har da wanda za a koma wa in saɓani ya taso. Dokar ƙasa ta san wannan hanya: a 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar sasanci da sulhu ta Nijeriya, Kano kuma tana da cibiyar sulhu a ƙarƙashin babbar kotu tun 2009.

Wani lokaci zaman zai ƙare da cewa ba za a yi kasuwancin ba. Wannan ma riba ce, don da muguwar rawa gara ƙin tashi. Kuɗi yana dawowa, amma na ga mutanen da suka yi makarantar allo tare suna sauya masallaci don kada su haɗu.

Ina kira ga ƙungiyoyin 'yan kasuwa da limamai su ɗauki wannan a matsayin aikinsu. Duk wanda ya zo neman addu'ar buɗe shago da abokinsa, a yi masa addu'a, sannan a tambaye shi wa ya zaunar da su, kuma ina takarda.